Tambayoyi da amsoshi akan kalmar Turancin nan "set" mai ma'ana sama da 400

Na ɗau shekaru ina koyar da Turanci a lesin ɗin yamma, akwai yara masu shirin WAEC da NECO akwai kuma manya 'yan kasuwa da ma'aikata da suke so su gyara Turancinsu, kuma wallahi duk cikin kalmomin da ake tsayar dani a kansu babu kamar set. Harafi uku ce kacal amma kullum sai wani ya zo min da jimla yace Malam a nan kuma me take nufi. Shine na tattara tambayoyin da aka fi yi min na amsa su a waje ɗaya.

Wai da gaske ne set tafi kowace kalma yawan ma'ana a Turanci?

Ta taɓa riƙe kambun, kuma ta daɗe tana riƙe dashi. Babban ƙamus ɗin Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi daga 1884 aka kammala a 1928, da aka sake bugashi karo na biyu a 1989 cikin mujalladi 20, bayanin da yafi kowanne tsawo a cikinsa shine na aikatau set. Ma'ana 430 aka lissafa mata ita kaɗai, in ka haɗa da waɗanda take bayarwa in ta jingina da wasu ƙananan kalmomi sai lissafin ya kai wajen 580, kuma bayanin ya ci kalmomi kusan 60,000. Ka auna wannan, littafi guda ne cur akan kalma ɗaya.

To amma yanzu ba ita bace a gaba. Da aka fara sabunta ƙamus ɗin a karo na uku ba daga A aka faro ba, daga harafin M aka faro ana tafiya gaba, shiyasa a 2000 make ta wuce ta, a 2007 put ta karɓa, sai a 2011 run ta zo da ma'ana 645 ta aikatau kawai. Peter Gilliver shine editan da yayi aikin run, wata tara ya kwashe a kanta. Abin lura anan shine lokacin da waɗancan ukun suka wuce ta su an sabunta su da Turancin zamani ita kuwa set da tsohon lissafinta ake auna ta, kaga ba a kan layi ɗaya aka tashi tseren ba.

Menene asalin ma'anarta kafin duk wannan yawan?

Wannan ce tambayar da nafi so a yi min, don in ka kama amsarta rabin wahalar ta ƙare. A tsohon Turanci, irin wanda ake yi a Ingila kafin Normawa su ci ƙasar a 1066, kalmar settan ce, kuma ma'anarta "sa abu ya zauna". 'Yar uwar sit ce ciki ɗaya. Sit kai ne ka zauna, set kuma ka zaunar da wani ko wani abu. Mu Hausawa bamu da wahalar gane wannan ko kaɗan tunda muna da zauna da zaunar, tsaya da tsayar, kwanta da kwantar. Jamusanci ma har gobe yana da su biyun, sitzen da setzen, yaren Holan yana da zitten da zetten, duk gida ɗaya suka fito.

Yanzu ɗauki "zaunar" ɗin nan ka bi ta da kyau kaga inda zata kaika. Ka zaunar da kofi akan tebur, wato ka ajiye. Ka zaunar da ranar biki, wato ka tsayar da ita ba zata ƙara motsi ba. Ka zaunar da farashi, wato ka ƙayyade. Mai ɗori ya zaunar da ƙashin da ya karye a mazauninsa, Bature set yake cewa. Maƙerin zinare ya zaunar da dutse mai daraja a bakin zobe, set ne. Siminti da aka kwaɓa aka zuba ya fara kamawa ya daina gudu, magina suce ya kama, Bature yace ya yi set, ya zauna kenan da kansa. Malamin da ya tsara tambayoyin jarabawa ya ajiye su gaban ɗalibai shima set yayi, shiyasa zaka ji ɗalibai a jami'a na cewa wane malami ne ya seta wannan fefar. Ma'anonin nan ba barkatai suka watsu ba, zare ɗaya ne ya ɗinke mafi yawansu, abu yana motsi ko bashi da wuri sai aka bashi mazauni.

To saitin kujeru da saitin kwanuka fa, me ya haɗa su da zaunarwa?

Anan ne labarin ya rabu biyu. Set ɗin da ke nufin tarin abubuwa masu tafiya tare, wadda muka ara muke cewa saitin gado, saitin kujeru, saitin akwati a kayan lefe, tushenta daban ne. Ta shigo Turanci ne ta tsohon Faransanci daga kalmar Latin secta, wato mabiya, jama'ar da ke bin hanya ɗaya ko malami ɗaya, kuma daga nan ne Turanci ya samo sect da ake faɗa wa ɗarika ko ƙungiyar addini. Da farko mutane ake nufi, rukunin jama'a, daga baya aka miƙa ta kan kaya. Da yake furucinta ya faɗo daidai da waccan ta zaunarwa sai suka cakuɗe a bakin mutane tsawon ɗaruruwan shekaru har mai magana ya daina jin cewa kalma biyu ce, yana ganin saitin kwanuka ai abubuwa ne da aka ajiye tare.

Don haka in kaga set a jimla fara tambayar kanka, nan zaunarwa ake ko tari ake nufi. Sau da yawa wannan tambayar kaɗai ta isa.

Me yasa ba a cewa setted in abu ya wuce?

Ba a cewa. Yau set, jiya set, an riga an yi ma set. Tana cikin ƙananan aikatau irin put, cut, hit, let, shut da basa canja kama. Ɗalibai da yawa suna rasa maki a nan a banza, sai ka duba jimlar ka nemi abin da ke nuna lokaci kamar yesterday ko has.

Rana kuma wa ya zaunar da ita da ake cewa sunset?

Ba kowa, ita ta zauna da kanta. Mu muna cewa rana ta faɗi, su kuma a idonsu sauka tayi ta samu waje ta zauna, kuma wannan amfani tsoho ne sosai tun zamanin Turancin tsakiya, wato wanda aka yi bayan zuwan Normawa. Wata da taurari ma haka ake faɗa musu. Abin da nake so ɗalibi ya lura dashi shine set tana iya zuwa da abin da aka aikata a kai kamar agogo ko tebur, tana kuma iya tsayawa ita kaɗai kamar a rana da siminti.

Akwai tsofaffin ma'anonin da yanzu ba a cika ji ba?

Da yawa, kuma wasunsu suna da daɗin ji. A arewacin Ingila da Sikotilan in ance an yi set ɗin baƙo zuwa gida rakiya ake nufi, a taka masa, irin yadda muke raka baƙo har bakin titi kafin mu juyo. Wanda ya koyi Turanci a aji kawai in yaji wannan ba zai gane ba sam. A waɗancan yankunan da kuma Ailan an yi amfani da ita wajen bada hayar gona ko gida. A wajen 'yan caca na da, set shine ka ajiye kuɗinka akan abin da ka zaɓa, ka sa kuɗi kenan. Manoma suna cewa set in sun dasa abu a ƙasa, har yau ƙananan 'ya'yan albasa da ake sayarwa don dasawa a Ingila sunansu onion sets. Mai kiwon kaji in ya ɗora kaza akan ƙwai don tayi kwanci shima set yayi.

Wadda tafi burge ni ita ce ta karen farauta. Akwai irin karen da ake kira setter, kamar Irish setter mai jan gashi, sunan ya samo asali ne daga aikinsa, in ya shinshino tsuntsu a cikin ciyawa baya rugawa ya kama, sai ya tsaya cak ko ya laɓe ya kafe a wajen don maharbi ya san inda abin yake, a da ma raga ake jefawa ta rufe tsuntsayen. Kaga zaunawar nan dai ce ta dawo.

Sai ta maɗaba'a. Kafin kwamfuta kowane harafi ɗan ƙarfe ne daban, mutum zai tsaya ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya jera a layi, kuma a juye yake jera su don in an buga su fito daidai. Gutenberg ya fara wannan a Mainz ta Jamus wajen 1450, William Caxton ya kai sana'ar Ingila ya kafa maɗaba'arsa a Westminster a 1476. Wannan jerawar ita ce typesetting, kuma sunan bai mutu ba, yau mai shagon kwamfuta da ke buga maka katin biki yana rubuta typesetting a allon shagonsa alhali ba wani ƙarfe da yake jerawa.

Akwai kuma sett mai t biyu, ita ce ramin wata dabbar dawa ta Turai da ake kira badger, ita ce kuma dutsen da ake sassaƙawa a shimfiɗa a titi, kalma ɗaya ce rubutun ne aka bambanta.

Me ya kawo ta cikin rediyo da talabijin da waya?

Rediyon farko ba abu ɗaya bane da zaka ɗauka a hannu, tarin kayayyaki ne, waya mai kama tasha, na'urar sa wa a kunne, batir, da sauran tarkace, sai an haɗa su suke aiki. A shekarun 1920 lokacin da gidajen rediyo suka fara yaɗuwa, BBC ma a 1922 aka kafa ta, mutane da yawa da kansu suke haɗa nasu a gida. Shiyasa aka kira shi set, wato ma'anar tari. Talabijin ya zo ya gaji sunan. Mu kuma da abin ya iso mana siffarsa muka duba muka ce akwatin rediyo, akwatin talabijin, su kuma kayan cikin suka duba.

Handset asalinsa shine ɓangaren tarho da ake ɗagawa a kara a kunne, mai haɗe da wajen ji da wajen magana. Da layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001 sai sunan ya koma kan wayar salula gaba ɗayanta, ka ji ana cewa hanset. Headset na kai ne, genset janareta ne da injinsa a haɗe.

Amma settings na cikin wayarka ba daga tari ya fito ba, daga zaunarwa ne, wajen da kake tsayar da ƙarar waya da hasken allo da yare su zauna yadda kake so. Reset shine ka sake zaunar da komai daga farko, wanda mai gyaran waya yake maka in ta rikice, kuma don Allah kafin ka yarda a yi maka factory reset ka kwashe hotunanka da lambobinka don komai gogewa yake. Waya ɗaya a hannunka amma set ɗin da ke sunanta daban, wadda ke cikinta daban.

A wasanni fa? Ina jin masu sharhi suna ta faɗinta.

Kusan kowane wasa da tasa. A tanis set kashi ne na wasa, wanda ya fara cin gem 6 da ratar 2 ya ci set ɗin, a manyan gasa irin Wimbledon maza suna buga har set 5. A 2010 a Wimbledon ɗin John Isner da Nicolas Mahut sun buga wasan da ya ɗauki awa 11 da minti 5 cikin kwana 3, set ɗin ƙarshe kaɗai ya tashi 70 da 68. A kwallon raga ta volibol kalmar aiki biyu take, set shine zagayen da ake ci da maki 25, na biyar kuma 15, sannan set shine ɗaga ƙwallo sama da yatsu dab da raga don abokinka ya doka, mai wannan aikin shima setter ake ce masa kamar karen can. A ƙwallon ƙafa set piece shine duk bugun da ake yi ƙwallo na ajiye kamar kwana da firikik. A tseren gudu na gajeren zango alƙali zai ce on your marks, sai yace set, kowa ya ɗaga ƙugu ya kafe ba motsi, sai bindiga. Masu ɗaga ƙarfe kuma in sun ɗaga sau goma sun huta sun yi set ɗaya kenan.

'Yan fim ma suna da tasu, wajen da aka shirya aka ƙawata don ɗaukar fim shine set, shiyasa zaka ji jarumi yace muna kan set.

Ina karanta jaridun Turanci, set aside da set up da set off suna ruɗa ni. Ya zan bambance?

Wannan ɓangaren ne ya kamata mai karanta labarai ya fi ba ƙarfi, don kuskure a nan yana juya labari gaba ɗaya. In ka ga kotun ɗaukaka ƙara ko kotun ƙoli tayi set aside na hukunci, soke shi tayi, ta jingine hukuncin kotun ƙasa. Na sha ganin wanda ya karanta ya ɗauka ɗage shari'ar akayi zuwa wani lokaci, ya je yana yaɗawa, alhali an rushe hukuncin ne. Amma in gwamnati tayi set aside na kuɗi, ware su tayi don wani aiki. Jimla iri ɗaya, abin da ya biyo baya ne ya raba su.

Set up kafawa ce, an kafa kwamiti, an kafa kamfani. In kuma mutum akayi wa set up to gadar zare aka haɗa masa, tarko aka ɗana masa. Set off da set out kama hanya ne, amma set off na iya zama tayar da bom ko tayar da rikici, set out kuma na iya zama zayyana bayani dalla-dalla. Set in ana faɗinsa ga abin da ya shigo kuma zai daɗe, kamar damina ko sanyi ko ciwo. Setback koma baya ne ko cikas. Set free saki ne ko 'yantawa, set on fire ko set ablaze cinna wuta. In jarida tace shugaba is set to yin tafiya, yana dab da yi ne, an gama shiri. All set kuma komai ya kammala.

Ita kuma set ta lissafi da ake mana a SS1?

Ma'anar tari ce aka ɗauka aka mayar da ita ilimi. Georg Cantor, malamin lissafi a jami'ar Halle ta Jamus, shi ya assasa fannin da wata maƙala da ya fitar a 1874. Shi da Jamusanci yake rubutu, kalmar da ta zauna a can ita ce Menge, Turawan Ingila suka fassara da set, Faransawa suka ce ensemble, shiyasa ɗan uwanka da yayi makaranta a Maraɗi ko Damagaram ensemble ya sani. Da'irorin nan masu shiga juna da kuke zanawa na John Venn ne, a 1880 ya fito dasu. Kar ka haɗa ta da maths set, ɗan akwatin ƙarfen nan mai kamfas da rula da ake saya wa yaro in zai shiga sakandare, duk da shima tari ne.

Muna cewa "ɗan set ɗinmu ne" ga wanda muka gama makaranta tare. Turanci ne daidai?

A Najeriya daidai ne kuma kowa zai gane ka, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ma haka suke rubutawa, set na 1998, set na 2005. Ni bana gyara wa ɗalibi wannan a magana, don yana kan tsohuwar ma'anar rukunin mutane ne sak, ba ɓata kalmar akayi ba. Sai dai ka sani Ba'amurke class of 2005 zai ce, a makarantun Ingila kuma set na nufin rukunin da aka raba ɗalibai gwargwadon ƙoƙarinsu a darasi ɗaya, mai ƙoƙari a lissafi yana top set. To in kana rubuta wa makaranta a waje takarda ka kiyaye. Jet set kuma da aka fara faɗa a shekarun 1950 masu kuɗin nan ne da ke yawon duniya a jirgin sama, shima rukunin mutane ne.

Duk kalmar da ta ƙare da set 'yar gidan ce?

A'a. Upset, offset, onset, outset, inset, mindset duk 'yan gida ne. Settle da seat ma dangi ne ta wajen zama. Amma asset, wato kadara, ba ruwanta dasu, daga Faransancin da ke nufin "isasshe" ta fito, wato dukiyar mamaci da ta isa biyan bashinsa. Set ko Seth da zaka gani a tarihin tsohuwar Masar sunan abin bautarsu ne, kama ce kawai ta rubutu.

Malam to ta yaya mutum zai haddace ma'ana 430?

Ba zaka haddace ba kuma babu Baturen da ya haddace. Ni abin da ke damuna shine yadda yaranmu suke karaya in sun ji irin wannan lissafin, suna ganin Turanci wani dutse ne da ba a hawa, alhali abin da suke yi kullum da Hausa ne ba tare da sun sani ba. Ɗauki "sa". Ka sa riga, ka sa gishiri a miya, ka sa hannu a takarda, an sa rana, sa ido, sa baki, sa kai, sa rai, sa albarka, ya sa ni kuka, an sa shi a makaranta. Ɗauki "ci", ci abinci, ci jarabawa, ci amana, ci bashi, ci kasuwa, ci sarauta, ci mutunci, ci gaba, ci karo, an ci shi tara. Wa ya taɓa zaunar da kai ya baka jerin nan ka haddace? Ji kayi a bakin mutane tare da kalmar da ke biye, har ya zama in ance an sa rana baka tunanin riga. Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya duba ci ko sha zai ga yadda bayanin yake tafiya ba ƙarewa, Baturen da ke koyon Hausa shima haka yake kama kai a kansu.

Abin da nake sa 'yan ajina suyi shine kowa ya ware shafi biyu a bayan littafinsa, duk inda ya ci karo da set, a jarida ko a waya ko a bakin mai sharhin ƙwallo, ya kwafe jimlar gaba ɗayanta ba kalmar kaɗai ba, ya rubuta Hausarta a gefe yadda zai faɗa wa kakarsa ta gane, in zaunarwa ce shafin dama in tari ne shafin hagu. Ranar Asabar muke karantawa a aji kowa ya kawo nasa, wanda aka samu saɓani a kai mu buɗe ƙamus tare.